Saiwa Ma Tana Numfashi: Me Muke Zubawa a Tukunyar Shuka?

Jama'a masu sauraronmu, na cikin garin Baure da na Babban Mutum, na Zango da Sandamu da Mai'aduwa da birnin Daura, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a ƙasar Magarya waɗanda muryarmu ke isa gare su. 

Sharhinmu na yau a kan ƙasa ne, ƙasar nan da ake zubawa a tukunya ko a leda ko a tsohon bokiti domin a raini shuka a cikin gida. Zan ɗauki fure guda ɗaya in yi bayani da shi, wanda ake kira okid, domin a duk tsirran da ake ajiyewa a tukunya babu wanda ya kai shi saurin nuna cewa an yi kuskure wajen haɗin ƙasa. Wanda ya gane abin da saiwar okid take so, to ya samu mabuɗin rainon mangwaro da gwaiba da zogale da darbejiya, waɗanda su ne suka fi damunmu a nan bakin iyaka.

Da yawa cikinmu sun taɓa ganin furen ko da ba su san sunansa ba. Shi ne wanda ake ajiyewa a kan tebur a manyan otal-otal da ofisoshi na Abuja da Legas, ganye mai kauri huɗu ko biyar a ƙasa, dogon kara ya lanƙwaso, furanni farare ko masu ruwan hoda sun jeru a kansa, kuma sai su yi wata biyu ko uku ba su zube ba. 'Ya'yanmu da ke aiki a birane sukan kawo shi gida tsaraba. To daga nan ne labari yake somawa. Uwargida ta leƙa cikin tukunya, ta ga babu ƙasa, sai gutsattsarin ɓawon itace, ga saiwoyi sun fito waje suna lilo. Sai tausayi ya kama ta, ta ce an bar shuka da yunwa. A aiki yaro ya ɗebo ƙasa mai kyau, a haɗa da takin awaki, a cusa saiwoyin nan ciki, a danne, a riƙa ba da ruwa safe da yamma. Kafin wata ya zagayo ganye ya yi yaushi. Da aka ga yaushi sai a ɗauka ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Ranar da aka tumɓuke shi sai a tarar saiwoyin sun yi baƙi, sun ruɓe, suna wari. Sai a ce ai wannan fure ba ya yin ƙasarmu. Zafinmu yana da nasa laifin, za mu zo kansa. Amma a wannan karon shaƙe shi aka yi, kuma da kyakkyawar niyya aka shaƙe shi.

Okid dangi ne babba, masana sun ƙidaya kusan iri 28,000, kuma ana samunsu a kowace nahiya in ban da yankin ƙanƙara na kudancin duniya. Har banila da ake sa wa kek da askirim don ƙamshi, daga 'ya'yan wani okid ake samo ta, asalinsa ƙasar Meziko, yau kuma Madagaska ce ta fi kowa noma shi. Abin da ya shafe mu shi ne, kusan kashi 70 cikin 100 na wannan dangi ba a ƙasa suke tsirowa ba, a kan reshen bishiya suke zama. Manomi zai ce, to ai kauci ke nan. A'a, akwai bambanci babba. Kauci yana huda reshe, ya shiga cikin jikin bishiya yana tsotse ruwanta da abincinta, shi ya sa muke sare shi idan ya kama mana itace. Okid kuwa wurin zama kawai yake nema. Saiwarsa tana manne a bayan ɓawo, ba ta huda shi. Ruwansa daga sama yake zuwa da raɓa, abincinsa kuwa ɗan abin da ruwa ya wanko ne na ruɓaɓɓen ganye da kashin tsuntsu da ƙura.

Idan ka riƙe saiwar a hannu za ka ga Allah Ya yi mata wata farar riga mai kauri. Rigar nan kamar soson wanka take: da ruwa ya taɓa ta sai ta zuƙe nan take, ta riƙe, ta miƙa wa cikin saiwar a hankali, sannan ta bushe iska ta shiga. Idan ta jiƙe za ka ga ta koma kore, idan ta bushe ta koma fari-fari mai ruwan azurfa. A dajin da aka halicce ta ana iya yin ruwa kullum, amma da an ɗauke, iska ta kaɗa, cikin 'yan sa'o'i saiwar ta sha iska. Jiƙewa da bushewa, jiƙewa da bushewa, haka rayuwarta take. To ka ɗauki irin wannan saiwa ka binne a cikin laka ko lallausan rairayi mai taki, ka cika da ruwa. Duk ƙofofin da iska za ta bi sun toshe. Saiwa tana numfashi, jama'a, tana bukatar iska dare da rana, kuma idan ta rasa sai ta mutu, ƙwayoyin ruɓa su gama da ita. Ganyen da aka gani ya yi yaushi, ƙishirwa ce ta gaske take damunsa, amma dalilin ƙishirwar shi ne saiwar da za ta kai masa ruwa ta riga ta mutu a cikin ruwan.

Saboda haka abin da ake zubawa a tukunyar okid aiki uku yake yi. Ya riƙe shukar kada ta faɗi, ya riƙe ɗan danshi, ya kuma bar sarari iska ta ratsa. Ciyarwa ba ta cikin aikinsa, abinci a ruwa ake ba shi.

Kada uwargida ta ji kunya, domin manyan masu lambu na Ingila sun yi shekaru suna tafka wannan kuskure. Tun bayan da wani okid da aka kawo daga Barazil ya yi fure a gidan wani mai suna William Cattley a 1818, masu kuɗin ƙasar suka shiga rububin tara okid, ana aika mutane dazuzzukan Asiya da Amurka ta Kudu suna kwasowa jirgi-jirgi. Da yake sun ji cewa daga ƙasashen zafi aka kawo su, sai su rufe su a ɗakunan gilashi masu tsananin zafi da tururi, babu taga ko ɗaya a buɗe, su binne saiwoyin a ruɓaɓɓen itace da ganye. Dubbai suka mutu. Sai da masu lambu irin su Joseph Paxton suka fara buɗe tagogi, suka rage zafi, suka sassauta abin da ke cikin tukunya, sannan furen ya fara zama. Daga baya aka daɗe ana amfani da saiwar wani tsiron fadama mai suna osmunda. Da ta yi wuya ta yi tsada, sai a shekarun 1950 masu lambu a yammacin Amurka suka koma ga ɓawon itacen da masana'antun katako ke zubarwa, kuma har yau shi ne aka fi sani a Turai da Amurka.

Ku lura da abin da ya faru a sauran wurare. A Tailan, wadda take cikin manyan masu fitar da furen okid a duniya, da ɓawon kwakwa da gawayi ake rainonsa, wani irin ma da ake kira Vanda a kwandon katako ake rataye shi babu komai a ciki, saiwoyi na reto a iska, ana fesa musu ruwa. A Taiwan da wata gansakuka ake cusa tukunyar, wadda ake sayowa daga Niyu Zilan da Chile. Siri Lanka da Indiya suna yayyanka ɓawon kwakwa suna sayar wa duniya. Yawancinsu abin da ke kusa da su, ko abin da ya fi musu sauƙin samu, suka duba suka ga ya cika sharuɗɗan nan uku. Babu wata ƙasa ta musamman da aka saukar domin okid. Don haka mutumin Baure ba ya bukatar ya aika Legas a sayo masa buhun ɓawon Turai. Ya duba tsakar gidansa.

Abu na farko da muke da shi shi ne gawayi. Ba ya ruɓewa da wuri, gara ba ta cinsa, yana da ƙananan ƙofofi masu riƙe danshi, kuma ba ya dunƙulewa. A farfasa shi ya zama kamar girman dabino ko ƙasa da haka kaɗan, a tankaɗe garin a zubar, sannan a wanke shi sosai, a jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu ana canza ruwa. Wankin nan wajibi ne, domin toka tana da kaifi irin na kanwa, tana ƙona bakin saiwa. A nan ina da roƙo. Abin da tukunya ɗaya take bukata bai wuce cikin tafi biyu ba, kuma ragowar murhu ya isa. Kada wani ya ce ya ji a rediyo an yabi gawayi ya je ya sa gatari a gindin gawo ko marke. Ƙasar da take fama da kwararowar hamada ba ta da itacen da za ta ƙona saboda fure.

Na biyu, tsingaro. Kowane gida akwai fasasshiyar randa ko tulu ko kasko da aka jingine a bayan ɗaki. Gasasshen yumɓu yana shan ruwa ya riƙa sakinsa a hankali, yana da nauyin da zai hana tukunya kifewa, kuma shekara goma ba zai ruɓe ba. Haka ma gutsattsarin jan bulo da aka gasa. Amma ban da bulon siminti, wannan yana da kaifi, okid ba ya shiri da shi. Kuma ban da tsingaron tukunyar da aka daɗe ana dafa miya ko jiƙa kanwa a cikinta, domin ta sha gishiri da mai.

Na uku shi ne ɓawon kwakwa, wato kaurin nan mai gashi da ke lulluɓe da ƙwallon. Ba a noma kwakwa a nan, amma duk mai zuwa manyan kasuwanni ko mai ɗan'uwa direban kudu zai iya samu. Shi ne zai riƙe mana ruwa, domin gawayi da tsingaro kaɗai a iskar Baure kafin azahar sun bushe ƙarau. A yanka shi gunduwa-gunduwa, a jiƙa kwana biyu ko uku ana zubar da ruwan, har jan ruwan nan ya daina fita, saboda yakan zo da gishiri, musamman wanda aka samo daga bakin teku.

Ga yadda nake ganin haɗin ya dace da mu: kashi biyu ɓawon kwakwa, kashi ɗaya gawayi, kashi ɗaya tsingaro, manyan tsingaron a ƙasan tukunya. Littattafan Turai za su ce a rage abin da ke riƙe ruwa, kuma sun yi gaskiya a ƙasarsu, inda rana ba ta da ƙarfi kuma tukunya takan yi mako ba ta bushe ba. Mu namu yanayin daban ne, wata takwas zuwa tara babu ruwan sama. Okid mai saiwa kauri ya fi son manyan gutsattsari, mai siraran saiwoyi kuma ƙanana. Ga gwajin da ba ya ƙarya: bayan ka zuba haɗin, ka kwarara ruwa kofi guda a kai. In ya ratsa ya fito ta ƙasa nan take, ka dace. In ya tsaya a sama yana tunani, zazzage ka sake.

Akwai abubuwan da ido zai raya maka cewa za su yi, amma ba sa yi. Garin katako daga wurin kafinta yana dunƙulewa ya toshe iska. Ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin gero suna saurin ruɓewa, su yi fumfuna, su gayyato gara, wurinsu ramin taki ne. Ɗanyen taki kuwa, na awaki ko na shanu, balle kashin kaji, wuta ne ga wannan saiwa. Ɓawon itace da ake yabo a waje na wasu itatuwan ƙasashen sanyi ne, kuma daga itacen da aka riga aka sare don katako ake samunsa. Kada kowa ya je ya sassaƙe maɗaci ko kirya mai rai. Mun ga yadda masu neman sassaƙen magani suke zagaye gindin itace da wuƙa har ya bushe a tsaye, ba ma son ƙari.

Sai abin da furen ya zo da shi daga kanti. Sau da yawa za ka tarar an cusa gansakuka tam a cikin ƙaramin kofin roba, an saka a cikin kyakkyawar tukunyar da ba ta da huda ko ɗaya. An yi haka ne don ya jure doguwar tafiya, ba don ya zauna a haka ba. Samanta zai bushe ka ɗauka tana son ruwa, alhali cikinta sharkaf yake. Idan furanni suka gama zuba, a zare shi a hankali, a warware gansakukar, a sa almakashi mai tsabta a yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko ta zama fanko, a bar masu tauri. Tukunyar da za a mayar da shi kada ta yi girma, wadda saiwoyin za su cika ita ce daidai, domin babbar tukunya tana riƙe ruwan da ya fi ƙarfin shukar. A nan maginan tukwanenmu suna da abin yi: tukunyar yumɓu da aka huhhuda gindinta da gefunanta tun tana ɗanya, kafin a gasa, ta fi duk wata roba da za a sayo. Kuma saiwar da ta fito waje tana lilo, a ƙyale ta, lafiyarta ke nan. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu ɓawon kwakwa zai ruɓe ya koma gari, a lokacin sai a sake sabon haɗi ko da shukar tana da kyan gani.

Ruwan da za a ba shi ma abin dubawa ne. Wasu rijiyoyinmu da burtsatse ruwansu yana da nauyi. Duk wanda ya ga farin abu yana taruwa a bakin randarsa ko a gindin butar shayi ya san abin da nake nufi. Wannan farin abu yana taruwa a jikin gawayi da tsingaro, ya riƙa ƙona saiwa. Ruwan sama ya fi, a tara daga indararo bayan ruwan farko ya wanke rufin, a adana a jarka. In babu sai na rijiya, to duk wata a kwarara ruwa mai yawa ya ratsa tukunyar ya wanke ta. Da safe ake ba da ruwa, kuma kada a bar shi ya kwanta a tsakiyar ganye, nan ne ruɓa take farawa. Babu ƙa'idar kwana kaza. A soka tsinke a tsakiyar tukunya, in ya fito da danshi a dakata, in ya fito a bushe a ba da ruwa. Da bazara za ka iya ba shi kusan kullum, a watan Agusta kuwa sai ka yi kwanaki ba ka taɓa shi ba. Takin zamani ɗan mitsitsi ake narkawa a ruwa mai yawa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za ka ba wata shukar, kuma ba a barbaɗa ƙwayarsa a cikin tukunya.

Yanzu maganar zafi, kuma ba zan ɓoye wa mai sauraro gaskiya ba. Okid ɗin kanti, wanda masana ke kira Falanofsis, ɗan dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indonesiya. Ya fi jin daɗi idan zafi bai wuce digiri 30 ba, kuma iska tana da laima. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura digiri 40, da hunturu kuma laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓen mutum ma tsagewa yake yi. Komai kyan haɗin da ka yi, in ka ajiye shi a tsakar gida rana ta doke shi, kwana biyu ya gama. Wurinsa inuwa mai haske, kusa da tagar gabas ko ƙarƙashin rumfa, inda iskar hunturu ba ta bugunsa kai tsaye, a kan wani abu mai tudu saboda gara da awaki.

Dabarar rage masa zafi kuwa a maƙwabtanmu take. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, cikin yana yin sanyi. Don adana tumatir da alayyafo da yalo ya yi ta, kuma ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai fure zai iya aron wannan hikima, ya zaunar da tukunyar okid a cikin babbar tukunya mai jiƙaƙƙen rairayi, da sharaɗin ya ɗora ta a kan tsakuwa yadda gindinta ba zai zauna cikin ruwa ba kuma hudojinta ba za su toshe ba. Saiwa ta samu sanyi, ganye ya samu laima.

Duk da haka, wanda zai sa kuɗinsa, shawarata ya nemi irin da ya saba da rani. Afirka tana da nata okid. Akwai Anseliya, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, wanda aka sa wa sunan John Ansell, mutumin da ya same shi a tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau, lokacin tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841. Yana da kara mai kauri da yake ajiye ruwa, yana jure watannin rani, kuma a wasu sassan Afirka a kan dangin goruba da giginya ake ganinsa. Saiwoyinsa ma wasu sama suke miƙewa tsaye, su zama kwandon da ke tare busasshen ganye, ya yi wa kansa taki. Akwai kuma dangin Yulofiya, waɗanda su a ƙasa suke tsirowa, ana ganinsu a dazuzzukan tsakiyar Najeriya suna fure a farkon damina, da rani kuma su kwanta su bar curin saiwarsu a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan suna karɓar tsakuwa da rairayi mai gautsi da ɗan ruɓaɓɓen ganye, kuma da rani a rage musu ruwa ƙwarai. Ka ga ke nan ko a cikin dangi ɗaya, sai ka tambayi inda shuka ta fito kafin ka haɗa mata ƙasa. Amma a saya daga masu raino, kada a je daji a tono. Dukkan dangin okid suna cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, saboda kwasar da aka yi musu ta ƙarar da su a wurare da yawa.

Na san akwai mai sauraro da yake cewa a ransa, Malam, ana fama da tsadar gero da taki, kai kana maganar fure. Maganarka tana kan hanya, Alhaji, kuma ga amsata. Je ka bakin manyan titunan Kano da Kaduna da Abuja ka ga masu sayar da furanni da dashe, ka tambaye su daga ina suka fito. Da yawansu yaranmu ne na karkara da suka tafi ci-rani suka koyi sana'ar. Jarin wannan sana'a leda ce da iri da ruwa da sanin haɗin ƙasa, kuma wanda ya fi sanin haɗin shi ne wanda kayansa ba sa mutuwa a hannun mai saye, shi ne kuma ake komawa wurinsa.

Sannan ga abin da ya fi wannan girma. Baure tana kan gaba a yaƙi da hamada. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Tarayyar Turai ma ta ɗauki nauyin wani shirin itatuwa da murhu mai tsimin itace tare da ƙungiyar Oxfam a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin jihar, har da Baure. Duk wannan ƙoƙari, da na gwamnati da na masu taimako da na mai gida da ke son inuwa a ƙofar gidansa, a cikin 'yar baƙar leda yake farawa. Itacen da zai shekara hamsin yana tare iska, watanninsa uku ko huɗu na farko a cikin ƙasar da ba ta fi cikin gwangwani ba yake yinsu. In an cuce shi a nan, ya cutu har abada.

Kuskuren da ake yi wa okid shi ake yi wa dashe, sai dai shi dashe yana da haƙuri, ba ya mutuwa nan take. Wani ya cika leda da laka tsantsa daga bakin tafki saboda tana riƙe ruwa. Da ta bushe sai ta zama dutse, da ta jiƙe ta shaƙe saiwa. Wani ya cika da rairayin jigawa zalla, ruwa ya wuce, abinci babu, kuma ranar dasawa da an yaga leda ƙasar ta watse ta bar saiwa tsirara. Wani ya ɗebo taki daga turke jiya-jiya, zafinsa ya ƙone tsiron, gwazarma ta cinye saura. Haɗin da ya dace da yawancin itatuwanmu ba ɓoyayye ba ne: kwanon sarki biyu na ƙasar sama, wadda aka kankaro daga ƙarƙashin gawo in da hali, domin manomi ya san albarkar da ke gindin gawo, da kwano ɗaya na takin da ya shekara ya huce ya koma baƙi ba ya wari. In ƙasar mai laka ce a ƙara kwano ɗaya na rairayi, in kuwa jigawa ce irin tamu a ƙara 'yar jar ƙasa ko laka kaɗan don ta kama jikinta. A tankaɗe, a gauraya, a yayyafa ruwa. Ka dunƙula a hannu: ta dunƙulu, amma da ka taɓa ta da yatsa ta wargaje. Wannan ita ce. A huda leda ta ƙasa da gefe. A riƙa ɗaga ledojin ana gusar da su duk bayan mako biyu ko uku kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Ranar dasawa, bayan damina ta zauna, a yanke gindin ledar tare da saiwar da ta nannaɗe a wurin, a cire ledar gaba ɗaya, a kuma tattara ta kada dabbobi su ci.

Ina kira ga malamanmu na aikin gona a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano, su sa ɗalibansu su gwada abin da muke zubarwa: ƙodagon goruba da aka farfasa, zaren gindin giginya, ɓuntun shinkafa da aka babbaka, a auna wanne ke riƙe ruwa, wanne ke saurin ruɓewa, a fito da sakamakon da Hausa yadda mai rainon dashe zai karanta ko a karanta masa. Malaman gona na ƙaramar hukuma kuma, duk ranar da za a raba dashe, a ware rabin sa'a a nuna wa mutane haɗin ƙasa da hannu. Shugabannin makarantun firamare da na sakandare, ku ba kowane aji ledoji ashirin su haɗa da kansu su raina. Ke kuma uwargida da aka kawo wa fure tsaraba, kafin ki aiki yaro ɗebo ƙasa, ki fara tambayar wanda ya kawo shi a ina irinsa yake tsirowa, a ƙasa ko a kan itace.